Kwana Tara da Kejin Sauro

Aikina fiɗar sauro ne. Idan aka tambaye ni sana'a a wurin ɗaurin aure ko a cikin mota, nakan ce ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Birnin Kebbi, in yi shiru daga nan, saboda na gaji da dariyar da ke biyo bayan cikakken bayani.

Ɗakin namu ɗan ƙarami ne, tagarsa ɗaya, ita ma an like ta da raga ninki biyu. Ƙofa biyu gare shi, kuma doka ce ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje. Mu biyu ne a ciki, ni da shugabata, wata mace mai yawan shiru da kowa ke kira Dakta. Ita ta koya mini yadda ake sa sauro a kan ƙanƙara har ya suma, a wanke jikinsa, a ɗora shi ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, a riƙe ƙirjinsa da allura ɗaya, a ja wutsiyarsa da ɗaya allurar a hankali har hanjin ya fito, fari, siriri, bai kai gashin ido ba. Hanjin nan muke murƙushewa mu shafa a faranti, mu jira ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a cikinsa su tsiro.

Ranar da na fara na tambaye ta amfanin wannan wahala. Ta ce, "Cutar da sauro ke ɗauka sai ta bi ta cikinsa kafin ta iso jikin mutum. A can ciki akwai 'yan gida. Wasu suna tare mata hanya, wasu suna yi mata shimfiɗa. Mu so muke mu san su waye."

Ba kowane sauro take nema ba. Akwai wani baƙo, baƙi wuluk mai ratsin fari a ƙafafu da layi ɗaya fari a gadon baya, wanda aka ce a cikin tsofaffin tayoyin mota ya shigo ƙasar nan. Da rana tsaka yake cizo. Ba ruwansa da fadama ko kududdufi, gwangwani da fasasshiyar tukunya da taya su ne gidansa. Dakta na son sanin ko ya iso wurinmu, in kuma ya iso, me yake ɗauke da shi a ciki. Na shafe rabin damina ina yawo da ludayi da robobi, daga gareji zuwa bayan kasuwa, ina ɗebo tsutsa ina rainonta, duk abin da ya fito na gida ne.

Ashe a ƙofar gidanmu yake. A unguwar Badariya nake haya, ɗaki ɗaya a gidan da muke zaune da wani dattijo mutumin Filato, Kirista, mai facin taya. Ya fi shekara ashirin a garin, Hausarsa ta fi tawa santsi. Baba nake ce masa. Wata Lahadi ya dawo daga coci ya same ni durƙushe a bayan rumfarsa, hannuna cikin wata tayar tirela.

"Malam, me ka yar a ciki?"

"Baba, tsutsa nake nema."

Ya tsaya ya dube ni, sannan ya naɗe hannun rigar cocinsa ya taya ni karkata tayar. Bayan mako guda, a cikin abin da na ɗebo a ranar, baƙon ya fito. Dakta ta daɗe da ido a madubi, da ta ɗago sai ta ce, "Shi ne." Ban taɓa jin muryarta ta yi rawa ba sai ranar. Da yamma muka koma ni da Baba muka zubar da ruwan duk tayoyin, ya lulluɓe su da tamfol. Abin da ya rage a hannunmu ke nan, sauro arba'in da uku a keji ɗaya, maza da mata.

Kejin ba wani abu ba ne, waya ce aka lanƙwasa kamar ɗan akwati aka sa mata raga, da hannun riga a gefe guda inda ake zura hannu a ɗaure. Kullum sai an dafa ruwa ya huce, a zuba sukari, a jiƙa auduga a ɗora musu a sama, a rufe su da jiƙaƙƙen tawul. Dole su kai ranar fiɗa da rai. Da zarar sauro ya mutu cikinsa ya fara ruɓewa, abin da za a samu ba shi ne abin da ke ciki ba.

Sai kayan shafa faranti suka ƙare. Dakta ta tafi Sakkwato nemowa ranar Alhamis, ta ce Litinin za mu yi fiɗa. "Ka riƙe mini su," ta ce. Asabar kuwa sunan ɗan Yayana na fari, bayan shekara bakwai da aure.

Mu biyu Inna ta haifa maza. Yaya ya tsaya a gona, ni aka tura makaranta. Tun rasuwar mahaifinmu shi ke noman shinkafar da ta kai ni har na gama, kuma bai taɓa faɗa ba ko da wasa. Ba yadda za a yi in ƙi zuwa. Baba ya ce in bar masa kejin, amma gidan cike yake da jikokinsa, na ji tsoron hannun yara. Na yi lissafi: in tafi Juma'a da yamma, in dawo Asabar bayan azahar, kwana ɗaya tak. Na sa kejin a kwali, na huda kwalin, na ɗaure da igiya. Na san ba daidai ba ne. Dokar ɗakinmu ta farko ita ce ba a fita da rayayyen baƙo. Ban kira Dakta ba, don na san amsar da za ta ba ni.

Daga Argungu sai an hau kabu-kabu a ratsa fadama ta wata hanyar ƙasa da aka ɗaga kafin a kai ƙauyenmu. A ranar ruwa na lasar gefen hanyar dama da hagu, shinkafa ta fitar da kai, kore shar har iyakar gani. Mai babur ya ce gulbi na ta cika tun shekaranjiya. Ban sa abin a rai ba, kowace shekara haka ake faɗa.

Inna ta tarbe ni a zaure, idonta a kan kwalin. "Mi ka kawo muna?"

"Kayan aiki ne, Inna."

Na tura shi ƙarƙashin gado.

Da safe aka raɗa suna, aka yanka rago. Ana cikin rabon nama wani ya shigo da gudu ya ce hanya ta yanke. Kafin azahar ruwa ya shigo bayan gari, ba da ƙarfi ba, a hankali, kamar wanda ya san gidan. Kafin la'asar ya kai gwiwa a tsakar gidanmu, katangar makwabta ta zauna. Aka yi ta kwasar abin da za a iya zuwa makarantar firamare, ita kaɗai ce a kan tudu. Yaya ya goya Inna. Ni na ɗauki buhun gero sau biyu, a zuwa na uku na ɗauko kwalin a kaina. Yaya ya gan ni a hanya, shi da tukunyar mai jego a ka, ya dubi kwalin ya wuce.

Aji huɗu ne a makarantar, mutanen gari guda. Maza a waje ƙarƙashin baranda da itatuwa, mata da yara a ciki. An ba mai jego da jaririnta da Inna kusurwa ɗaya a aji na ƙarshe, aka kare su da zane. Tudun bai fi a zagaye shi cikin minti biyar ba. Na zagaye shi ban san adadi ba. Ta ko'ina ruwa ne ja, da kawunan rumbuna, da saman itatuwa. Inda gonar Yaya take babu ko alama. Waya ta mutu a kwana na biyu, kafin ta mutu ma babu sabis.

Ba inda zan ajiye kejin sai cikin ajin nan, don rana na kashe su, iska na busar da su. Na ɗora shi a kan wani karyayyen benci a bayan ajin, taku biyar daga inda jaririn yake kwance. A nan asirina ya tonu. Wata tsohuwa ta ɗaga tawul ta leƙa, ta saki salati.

"Sauro na! Wallahi sauro na ya aje cikin gidan sauro!"

Aka yi dariya, dariyar farko tun shigowar ruwa. Mata suka riƙa zuwa kallo. Wata ta ce boko ya taɓa ni. Inna ba ta yi dariya ba, ta kira ni gefe.

"Suna cizo?"

"In sun fita."

"To kar su hita."

Abin da ban gaya mata ba shi ne, irinsu babu a garinmu, kuma matan cikinsu sun riga sun haɗu da mazan. Guda ɗaya in ta fita ta sami jini da ɗan gwangwani mai ruwa, ta zauna ke nan. Ba ni da hujjar cewa suna ɗauke da wata cuta, tun suna tsutsa a hannuna suke, ba su taɓa cizon kowa ba. Amma 'ya'yansu da jikokinsu za su ciji wanda suka ga dama. Na kasa sakinsu, na kasa kashe su, na kasa tafiya da su.

Kowace safiya sai na nemi wuta. Itace ya jiƙe, ɗan busasshen da ke akwai na dafa abinci ne da ruwan wankan jego. Nakan tsaya a bayan mata da ɗan gwangwanina har su sauke tukunya, in roƙi garwashin da ya rage. Sukarin da na zo da shi ya narke a aljihu ranar ƙaura. A kwana na uku na je wurin matar Yaya, na tsuguna daga bayan zanen.

"Amarya, ko akwai sauran sukari?"

Haka nake kiranta tun zuwanta gidan. Ta miƙo ƙullin ledar da ake sa mata a kunu, ba ta tambayi dalili ba. Na ɗebi rabin cokali. Ina juyowa na ga Yaya a bakin ƙofa.

Ya bari har na fito, ya ja ni bayan ajin inda ruwa ke iyaka.

"Sukarin mai jego ka ba sauro?"

"Rabin cokali ne, Yaya."

"Ban tambaye ka yawanai ba." Ya nuna ruwan da haɓarsa. "Ka ga can? Nan ta ƙare. Duk abin da munka shuka. Mutane na kwana da yunwa, kai kana kiwon abin da ke kashe muna ɗiya."

"Don a san maganinsu ne."

"Yaushe?"

Gaskiya ita ce ni kaina ban sani ba. Abin da na sani shi ne Litinin ta zo, Dakta na can ta dawo ta tarar da ɗaki babu keji babu ni. Kuma takardar aikina ta wucin gadi ce, ana sabunta ta ne in ta sa hannu. Shekara huɗu na yi ina zaune ba aiki kafin in sami wannan ɗakin mai taga ɗaya. Na so in gaya wa Yaya haka, sai na ga ƙafafunsa, sun yi fari sun tsattsage saboda tsayuwa cikin ruwa, na haɗiye.

Daga ranar na daina zama cikin maza. Nakan zauna a ƙofar ajin, bayana a jikin bango, inda zan iya hango bencin. Sau uku a rana nake ƙirga su. Suna mutuwa ɗaya-ɗaya, mazan da farko. A kwana na biyar saura talatin da ɗaya. Jiragen masunta sun fara zuwa daga Argungu, amma marasa lafiya da tsofaffi ake fara ɗauka, kuma daidai ne. Na taɓa matsawa kusa da wani mai jirgi da kwalina, ya ce in akwai wuri, na wata mai naƙuda ne. Na koma na zauna.

A kwana na shida, da hantsi, aka kira maza su taya jawo wani rumbu da ruwa ya kayar, ko a tsira da ɗan abin da ke sama. Na tafi, don na gaji da zama abin nuni. Ba mu fi awa ɗaya ba. Da na dawo na tarar da wata akuya a kan bencin. Ta ci audugar sukarin, ta ja tawul ƙasa, ta bar rami a ragar sama wanda babban yatsana zai shiga.

Na toshe ramin da tafin hannu, na ƙwala wa Inna kira. Ta zo da allura da zare, ta ɗinke shi hannuna na kai, ina janyewa kaɗan-kaɗan. Sannan na ƙirga. Da safe ashirin da takwas ne. Yanzu ashirin da shida. Na sake ƙirgawa, na duba ƙasan kejin ko akwai gawa, babu. Na ƙirga har sau biyar.

Na rufe ƙofar ajin da tagogi, na ce kowa ya tsaya inda yake. Na bi bango da ido, na bi ƙarƙashin benci, na girgiza zannuwan da aka rataye. Sauro kam akwai su, na gida, jajaye-jajaye, na kashe fiye da goma, ina duba ƙafar kowanne. Babu mai ratsin fari. Na ɗaga zanen da aka kare mai jego da shi ba sallama, abin da ban taɓa yi ba, na duba jaririn tun daga kai har tafin ƙafa. Yana barcinsa. Matar Yaya ta dube ni, ta ga fuskata, ta jawo shi jikinta.

Yaya ya shigo. Wannan karon na gaya masa duka, har abin da na ɓoye wa Inna. Ya saurara bai katse ni ba.

"Kana nufin baƙi na, kuma kai ka kawo su."

"Ni ne."

"Saura fa?"

Na dubi kejin. Na tuna wata uku na yawo, da muryar Dakta ranar da ta ce shi ne. Na ce, "A kashe."

Shi ya nemo baƙar leda babba ta taki. Muka zura kejin a ciki, muka ɗaure baki, muka ajiye a tsakiyar filin makaranta inda rana ta fi zafi. Muka zauna a gefe muna gadi kada akuya ta dawo. Bayan azahar na buɗe, duk suna ƙasa. Na juye su a takarda, na ƙirga ashirin da shida, na jefa a wuta.

Sauran kwana ukun na yi su ina kifar da abubuwa. Duk gwangwani, duk fasasshiyar ƙwarya, duk murfin roba da ruwan sama ya taru a ciki a kan tudun nan sai da na zubar. Mutane na kallona, mutum a tsakiyar ambaliya yana yaƙi da ruwan gwangwani. Wani dattijo ya ce in na gama in juya ga gulbi. Ban ji haushi ba. A rana ta biyu na ga Yaya ya bi bayan ajujuwa yana yin irin abin da nake yi, yana harba gwangwanaye da ƙafa kamar ba da niyya ba.

A kwana na tara muka sami jirgi. Aka sauke su Inna a gidan ƙanwarta a Argungu, ni na wuce Birnin Kebbi da kejin da babu kowa a ciki. Ban biya gida ba, kai tsaye na tafi wurin Dakta, da lakar gulbi a wandona. Na faɗa mata komai a tsaye. Ta daɗe tana kallon ɗinkin Inna a jikin ragar.

"Biyu," ta ce.

"Biyu."

"Maza ko mata?"

"Ban sani ba. Ban raba ƙirgar ba."

Ta ce wataƙila akuyar ta haɗiye su tare da audugar, wataƙila sun mutu a ranar, wataƙila kuma a'a. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta rubuta abin da ya faru ta kai inda ya kamata, da sunana a ciki. Ba a kore ni ba. Aka ɗora mini zuwa ƙauyenmu duk bayan mako biyu in duba gwangwanaye da tukwane har ƙarshen damina, da wadda ta biyo baya. Na je, na duba, ban taɓa samun ko ɗaya ba. Dakta ta ce rashin samu ba shaida ba ce, sai dai a ci gaba da dubawa. Duk sanda aka ce mini yaron Yaya na zazzaɓi, ko da na haƙori ne, ba na iya cin abinci.

Da ruwa ya janye, Yaya ya ga babu abin girbi, ya yanke shawarar tafiya ci-rani kudu. Motarsa daga Birnin Kebbi za ta tashi, sai ya biyo ta wurin aikina da jakarsa. Ranar muna fiɗar wasu 'yan kaɗan da na samo a wani gareji. Dakta ta ba shi izini ya shigo. Ya tsaya tsakanin ƙofofin biyu a takure har na rufe ta waje. Na zaunar da shi a kujerata, na nuna masa yadda zai sa ido. Ya rufe ɗaya idon da hannu, ya daɗe yana kallo.

"Wanga ɗan zaren?"

"Shi ne hanjin."

"Kuma cikinai akwai wasu abubuwa masu rai."

"Da yawa."

Ya ɗago, ya dubi ɗakin, ragar taga, kejin, ni da farar riga. "Nan kake wuni?"

Na ce nan ne.

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki jakarsa. Ya ce in riƙa leƙa Inna da yaron. Na so in raka shi tasha, amma akwai sauro tara a kan ƙanƙara, in suka wuce lokacinsu sun lalace. Na raka shi iyakar ƙofa ta biyu, muka yi musafaha, ya fita. Na rufe, na koma na ɗauki allura.